Ruwa ya iso ina?

Duk shekara idan watan Agusta ya raba tsakiya, nakan ɗauki waya in kira Baffana a ƙauye. Mukan yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki, in tambayi jikinsa da damina, amma mu duka biyun mun san ba wannan ya sa na kira ba. Can sai in ce, "Baffa, ruwa ya iso ina?" Bai taɓa ce mini ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Abin da zai ce shi ne, "Ya taɓa gindin giyayyar mashaya," ko kuwa, "Shekaranjiya ya haye gonar liman, yanzu yana neman hanyar kasuwa." Da ya faɗi haka, ga ni zaune a ɗakina a Kano, fanka na juyawa, 'yan adaidaita na ta hon a waje, amma na riga na ga wurin. Na san inda ruwan zai kai wa mutum gwiwa, na san inda zai kai masa wuya, na san kwana nawa ya rage a daina zuwa kasuwa da ƙafa a koma kwalekwale.

Matata ta daɗe tana mamakin wannan kiran. Ba ni da gona a can yanzu, ba ni da koma, ba ni da ko akuya. Ta taɓa tambayata, "To Malam, ruwan ya iso ko bai iso ba, me ya shafe ka?" Ranar ban iya ba ta amsa ba. Wannan rubutun ƙoƙarina ne na amsa mata, ko da a makare.

An haife ni a 1978 a wani ɗan ƙauye a ƙasar Guri, cikin fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Lokacin muna jihar Kano, sai a 1991 aka yanke mu aka ce mun zama Jigawa. Wanda bai taɓa zuwa ba, in ya ji sunan yankinmu, rairayi da ƙaya da zafin rana yake tunawa, kuma bai yi ƙarya ba, duk akwai su. Amma a tsakiyar wannan rairayin Allah ya shimfiɗa ruwa. Kogin Haɗeja yana gangarowa daga ƙasar Kano, na Jama'are yana tahowa daga duwatsun Jos ta ƙasar Bauchi. Da sun iso wajenmu sai gangare ya ƙare musu, ƙasa ta baje, tsofaffin tuddan rairayi su tare musu gaba. Sai ruwan ya rarrabu, ya yi 'ya'ya da jikoki, wani ya bi nan wani ya bi can, ya kwanta a tafkuna, kafin ya sake tattaruwa wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe ya kama hanyar Tafkin Chadi. A cikin wannan rarrabuwar muka tashi, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, kowa da yarensa, kifi ɗaya muke ci.

Ruwa biyu gare mu. Akwai na sama, wanda shamuwa ke riga shi zuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidan bulama, ba mai jifanta. Sannan akwai ruwan gulbi, wanda aka yi shi a sama a garuruwan da ba mu taɓa gani ba, ya yi makonni yana tafiya kafin ya iso mana. Shi ne babban baƙo. Ba ya zuwa da ƙara. Da yamma ka wuce ta wani kwari a bushe, da safe ka tarar da wani siririn ruwa ja yana rarrafe a cikinsa, yana tura kara da kashin shanu a gabansa, kwaɗi sun riga sun sani sun cika wurin da kuka. Daga nan duk rayuwar gari ta juya. Shinkafar da aka shuka tana jiransa, shi yana hawa ita tana hawa. Kifi ya biyo shi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Mu yara kuwa mun daina zama 'yan tudu sai bayan kaka.

Kakana, mahaifin Babana, masunci ne, kuma shi ya rene ni a kan ruwa. Ina da shekara shida ya fara sa ni a gaban kwalekwale. Abin da na fi tunawa da shi shi ne shirunsa. Mukan fita tun Gamzaki na sama, mu yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar sandar tuƙi tana shiga laka tana fita. In na buɗe baki zan yi surutu irin na yara, ba ya tsawata mini, hannu kawai yake ɗagawa. Sai in yi shiru, sai in ji abin da yake ji: wani "ɓul" can cikin ciyawa, tarwaɗa ce ta taso shan iska. Zakaran kekuwa ya tashi yana ihu daga wani tsibiri, wato wani abu ya motsa a wurin, ko mutum ko guza. Ruwa ya yi wani lumshi a gefe guda alhali ko'ina yana gudu, to akwai rami a ƙasa, kada ka sa ƙafa. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga darasi ba. Yakan nuna da haɓa, in na gane ya ci gaba da tuƙi, in ban gane ba gobe ma mu biyo ta wurin.

A wajensa na koyi cewa ba wani abu wai shi "kifi" kawai. Akwai karfasa, akwai tarwaɗa, akwai bargi mai gina sheƙa da ciyawa a cikin ruwa kamar tsuntsu, akwai ƙurungu mai ƙaya da ke gurnani in ka cire shi daga koma, akwai kawara, akwai tsage mai haƙora, akwai minjirya da in ka taɓa ta sai hannunka ya mutu har kafaɗa. Haka ma babu "tsuntsu" kawai: zalɓe daban, jinjimi daban, kirinjijiya masu tashi garke guda suna fito da dare daban, ɗinya daban, gauraka mai tukku daban. Itatuwa ma kowa da halinsa. Giyayya tana son ƙafarta a ruwa. Goruba tana ba ka 'ya'ya ka gwagwiya, ta ba Inna kaba ta saƙa tabarma da faifai. Gawo kuwa shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke yin kore, ya dawo ya yi lif da rani lokacin da kowa ya bushe, awaki su taru a ƙarƙashinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Kafin in iya rubuta sunana da boko, na san sunaye sun fi ɗari na abubuwan da ke numfashi kewaye da ni, kuma kowane suna yana tafe da labarin inda ake samunsa da lokacinsa da abin da yake tsoro.

Amma gaiwa ce ta fi zauna mini a rai. Idan rani ya yi nisa, tafki ya ƙafe, laka ta tsattsage ta yi tauri kamar kasko, Kaka yakan ɗauki fartanya mu shiga tsakiyar wurin da watanni kaɗan baya muke wucewa da kwalekwale. Yana tafe yana duban ƙasa har ya ga wani ɗan rami da bai fi bakin kwalba ba. Sai ya haƙa a hankali, ya ɗago dunƙulen laka, ya fasa. A ciki ga kifi a naɗe, wutsiya a kan fuska, cikin wata fata-fata da ya yi wa kansa da yauƙin jikinsa, da rai. Ba ruwa, ba abinci, wata da watanni, yana shan iska ta wannan ɗan ramin, yana jiran gulbi ya dawo. Mutanenmu sukan ce jikinta take ci. Ranar da na fara gani na tsorata, na ce, "Kaka, ta mutu?" Ya ce, "Ba ta mutu ba, ɗan nan. Ta san abin da take jira."

Wani abin da fadama ta dasa mini, wanda sai da na girma na gane ba kowa ke da shi ba, shi ne yadda nake kallon ƙasa. A wajenmu fili ɗaya yana da masu shi uku a shekara. Da ruwa ya cika, na masunta ne, su kafa kalli da mali, su bi da homa a kan gora, kuma ba mai shiga wasu tafkunan sai sarkin ruwa ya ba da izini. Ruwa na ja da baya, manomi ya yanke shinkafarsa ya bi danshi da wake. Da ya kwashe, Fulani su gangaro daga tudu da shanunsu su ci burugu da ragowar kara, su bar wa gonar taki. Shekara ta zagayo a sake. Ba zan ce ba a faɗa ba. Ana yi, wani lokaci har da jini, musamman bayan da gwamnati ta hana shigo da alkama a 1987, mutane suka sayi injin ban ruwa suka shuka alkama da rani a wuraren da shanu suka saba sauka. Na ga ranar da Babana da wani Bafulatani suka tsaya kowa da sanda a hannu a kan kunyar wake. Amma na kuma ga wannan Bafulatanin, bayan bulama ya raba su, ya aiko wa Inna da ƙwaryar nono ranar sunan ƙanwata. Abin da yaro ya ɗauka daga irin wannan zaman shi ne: wuri naka ne na wani lokaci, akwai wanda ya riga ka, akwai mai zuwa bayanka, kuma ruwa ne ke raba muku kwana.

Ba na son wanda ya karanta wannan ya zaci aljanna nake ba da labari. 'Yan birni suna da wannan halin, su je ƙauye kwana biyu su dawo suna yabon iska. Daji yana ba ka, kuma yana karɓa. Sauron fadama in magariba ta yi har a baki yake shiga, kuma babu daminar da ba a binne yaro saboda zazzaɓi. Kusan duk sa'o'ina maza mun yi tsargiya, muna fitsari da jini, har muna ɗauka alamar girma ce. Sai a makarantar sakandare na ji cewa wata tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fatar mai wanka. Kububuwa tana kwance a gindin kaba, in ta sari mutum da damina hanyar asibiti ruwa ne. Mun ci bado, tushensa da 'ya'yansa, a shekarar fari ta 1984, ba don marmari ba.

A 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle a Kano, ruwa ya zo mana da ƙarfi. Akwai ɗan ƙanwar Innata, sa'ana, tare aka yi mana kaciya, ya fi ni iya ruwa nesa ba kusa ba. Muna dawowa daga tsaron tsuntsu a gonar shinkafa, ya ce zai yanke ta mashigin da muka saba bi, ni na ce zan zagaya don ina ɗauke da ƙwaryar tuwo. Mashigin da ya sani jiya ba shi ne na yau ba, ruwa ya ci gindinsa da dare. Sai washegari masunta suka same shi a cikin ciyawa. Shekarata goma. Bayan kwana uku Kaka ya tashe ni da asuba ya ce in ɗauki sanda. Inna ta fito tana kuka tana cewa, "Baba, ka bar shi ya huta." Ya ce mata, "In bai shiga yau ba, ba zai ƙara shiga ba." Ya bi da ni ta wannan mashigin, ya tsayar da kwalekwale, ya sa na zura sanda har ta nutse ban taɓa ƙasa ba. Ya ce in dubi yadda ruwan ke murɗawa a sama, in riƙe shi a ido. Daga nan muka yi masa addu'a muka wuce. Ana cewa iya ruwa fid da kai. Ni abin da na koya ranar shi ne ruwa bai san iyawarka ba, kuma sanin jiya ba ya fid da kai yau. Har yanzu ba na shiga wani al'amari, ko na kuɗi ne ko na mutane, ban zura sanda ba tukuna.

Da hunturu wasu baƙin sukan zo. Ƙananan agwagi da wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, dubbai, su rufe tafki, in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar iska ta taso. Sukan iso bayan kaka, su ɓace kafin bazara. Wata rana ɗaya ta faɗa a komar Kaka, a ƙafarta akwai wani ɗan zobe na ƙarfe da rubutun boko da lambobi. Na kai wa malaminmu na firamare. Ya juya shi ya juya, ya ce daga Turai tsuntsuwar take, can aka sa mata, ta ƙetare teku da hamadar Sahara ta zo cin abinci a bayan gidanmu. Na kwana ina tunani. Ni da ko Haɗeja ban taɓa zuwa ba, ga abin da bai fi tafin hannuna biyu ba ya san hanyar Turai, kuma duk faɗin duniya tafkinmu ya zaɓa. A 1989 muka ji labari cewa mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo har Dagona a ƙasar Bade don kallon tsuntsayen nan. Dattawa suka yi ta mamaki a dandali, mutum ya bar gidan sarauta ya zo kallon abin da yara ke harbi da danƙo. Ni ban yi mamaki ba. Zoben yana cikin aljihuna.

Sai makarantar kwana. A nan na fara jin cewa abin da nake da shi abin kunya ne. Kayana suna warin banda, domin a ɗakin da Inna ke ajiye busasshen kifi akwatina ya kwana. 'Yan cikin gari suka sa mini suna, in na wuce su toshe hanci. Na wanke rigunan nan har suka koɗe. Na daina faɗin sunan garinmu, in an tambaye ni sai in ce Haɗeja. Na koyi yin magana da sauri, na koyi dariyar abin da ban gane ba. Shekara biyu ina wannan ɓoyon, kuma har yau in na tuna ina jin ciwon yadda na yi wa Kaka a zuciyata, mutumin da ya fi duk wanda na sani ilimi.

A aji uku malamin kimiyya yana koyar da numfashin dabbobi, ya ce kifi in ya bar ruwa ya mutu. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na ce akwai wanda ke yin rani guda a cikin busasshiyar ƙasa. Aji ya fashe da dariya. Malamin bai yi ba. Ya ce in da gaske nake, in kawo masa bayan hutu. Na koma gida na gaya wa Kaka, ya ɗauki fartanya ba tare da ya tambaye ni dalili ba. Na dawo da dunƙulen laka a cikin tsumma, aka sa a bokiti, aka zuba ruwa, aji duka suka kewaye. An daɗe ba abin da ya faru. Sai laka ta fara narkewa, wani abu ya motsa, gaiwa ta warware ta taso ta buɗe baki ta ja iska. Malamin ya buɗe littafi ya nuna mana hotonta, ya ce tana da huhu, ya ce shi a takarda kawai ya taɓa ganinta. Daga nan ya ce in tsaya gaban allo in faɗa wa aji duk abin da na sani. Na yi magana har aka kaɗa ƙararrawa. Ina jin a ranar na zama malamin makaranta, sauran duk takardu ne suka biyo baya.

Kogin da ya rene ni ma ba shi ne wanda ya reni Kaka ba, kuma kullum Kaka yana faɗin haka. An gama madatsar Tiga a 1974, shekara huɗu kafin a haife ni, ta Challawa kuma a 1992. Kafin su, in ji shi, gulbi yakan zo da ƙarfinsa da damina ya share hanyarsa, da rani kuma ya ƙafe ƙaf har a haƙa rijiya a cikinsa. Bayan madatsun, babbar ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, sannan ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan sha. Hanyar ruwa ta daina bushewa, kuma abin da kachalla ke so ke nan. Wannan ciyawar da ta fi mutum tsayi ta kama bakin kogi, ta tare laka, laka ta ƙara mata wurin zama, har ta toshe tsohuwar hanyar kogin Haɗeja da ta Burum Gana, ruwa ya karkata ya bi Marma ya nufi Nguru. Sai ka ga wani gari gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, wani garin kuma can ƙasa yana kallon sama. Kachalla ta zama gidan jan baki, tsuntsun da ke iya cinye gonar shinkafa kafin azahar. Na yi gayyar yankan ta, mu shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje tun safe, ƙafa duk yanka, bayan wata biyu ta dawo kamar ba a taɓa ba. Kaka ya rasu yana kiran wasu tafkuna da sunayensu alhali kachalla ce kawai a wurin.

Ga inda abin ke ɗaure mini kai. Tun 1997 nake Kano. Ruwan da ke zuwa famfon unguwarmu, ran da ya zo, daga kogunan nan ake tace shi, a Challawa da Tamburawa. Tumatirin da matata ke saya da rani na Kadawa ne da Kura, ruwan Tiga ya sha. Wato ruwan da aka tare wa ƙauyenmu shi nake alwala da shi, shi 'ya'yana suke sha. Ba zan ce kada a yi madatsa ba, miliyoyin mutane suna rayuwa da ita, ni ma ina cikinsu. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da ke ƙarshen kogi su ma mutane ne, kuma irin su Kaka sun san halin ruwan nan sanin da ya kamata a zauna a saurare su kafin a taɓa shi. Tsuntsayen ruwa irin su agwagin Turai sun sa an rubuta sunan tafkin Nguru da Marma cikin wuraren ruwa masu daraja na duniya a shekarar 2000, na kuma ji daɗin haka. Amma masuncin da ya san kowane lungu na wurin, har yau ba a cika tambayarsa ba.

To me ya rage a jikina? Shirun nan yana nan. A taron malamai nakan bari kowa ya gama, ba don ba ni da ta cewa ba, sai don na saba sai ruwa ya kwanta ake ganin abin da ke ƙasa. Wasu suna ɗauka girman kai ne, matata ma ta sha wahala da shi a farkon aurenmu. In na shiga aji, kafin in buɗe littafi nakan dubi yaran yadda Kaka ke duban tafki: wa ya yi lumshi yau, ina ne ake motsi a ƙarƙashi, wane ne bai karya ba. Yaron da sauran malamai suka ce ba ya ja, ni ba na saurin cire rai da shi, na taɓa ganin abin da ke cikin busasshiyar laka. Da yamma in balbelu sun jero suna komawa makwanci ta saman unguwarmu, ko ina tsakiyar magana sai na ɗaga kai. In na wuce kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kai, na san ruwa bai manta da wurinsa ba, kuma watan Agusta yakan gaskata ni.

Akwai kuma inda wannan tarbiyyar ta cuce ni, ba zan ɓoye ba. Birni ba ya son mai jira. Lokacin da abokan aikina ke sayen filaye a bayan gari da araha, ni na kasa sa raina a kan cewa takarda da turaku huɗu za su sa ƙasa ta zama tawa har abada. Na tsaya zura sanda har kuɗin ya fi ƙarfina. Har yau haya nake biya. Katanga mai tsawo da waya a kai tana ƙuntata mini, kuma ban taɓa sabawa da maƙwabcin da ban san sunansa ba.

'Ya'yana huɗu, duk a Kano aka haife su. Suna da wayo, sun san abubuwan da ban sani ba. Amma duk abin da ya tashi sama "tsuntsu" ne a wajensu, duk abin da ya tsiro "bishiya" ne. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje da yawa a Jigawa har da ɗakin da aka haife ni, na kai su gida da hunturu. Babbar 'yata ta ƙi shiga kwalekwale. Ƙaramin kuwa ya zauna a gaba inda nake zama, yana ta surutu, sai na ga hannuna ya tashi da kansa. Ya yi shiru. Can ya juyo ya ce, "Baba, mene ne ya ce ɓul?" Na gaya masa. Kwana huɗu muka yi, ya dawo da sunaye goma sha ɗaya, na ƙirga. Yanzu saura shida yake tunawa.

Bana ma na kira Baffa. Muryarsa ta yi rauni, sai da na maimaita tambayar. Ya ce, "Ya iso gindin ƙarfen sabis." Na yi shiru. Na rufe ido na nemi wurin ban same shi ba, domin bayan tahowata aka kafa ƙarfen, kuma zuwan da na yi ban lura da inda yake ba. Na ce, "Baffa, giyayyar mashaya fa?" Ya ce ai ta faɗi tun bara, ruwa ya ci gindinta, an faskare ta. Na ce to ya kwatanta mini daga inda bandar Kaka take a da. Ya ce in dakata. Na ji ya tashi, na ji takalminsa a kan rairayi, na ji kaji, na ji wata mata tana yi masa sannu. Yana tafe yana ƙirga taku a hankali da ƙarfi don in ji, ni kuma ina biye da shi daga nan, waya a kunne. A taku na ɗari da arba'in da biyu ya tsaya ya ce, "To, ga ƙafata a ciki."